ƘWARYAR INNA LADIDI

Shafi na 21

Daga alƙalamin Maryam 'Yar Kwata

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in wanke ido, ga shi nan, ku sakar min mara. Ku kuma gwanayen hasashe da kuka riga ni sanin ƙarshen labarina, shafin yau naku ne, ku karanta a tsanake. Jiya mun tsaya inda jirgin 'yan kasuwar Wara ya daki kututture ya kife gab da Tungar Ɗangana, aka tsamo kowa da rai ban da Hasiya matar Ya'u.

*

Tun da gari ya waye Hafsat ba ta sa komai a cikinta ba. Tana tsugune bayan murhun bandar kifin Innarta, waya a hannu.

Guruf ɗin masoya Birnin Ƙasan Tafki take karantawa, labarin nan da ya hana 'yan mata da samarin Yauri da Ngaski sakat, har da matan aure masu ƙona miya saboda shi. Ba wanda ya san mai rubuta shi. Wani layi ne kawai ke turo shafi ya yi shiru. Mata uku ne a labarin: Sarauniya Tamada, da jaruma Cindo mai yatsu shida, da wata tsohuwa da ake kira Uwar Ƙwarya, mai sakin ƙwarya a ruwa ta nuna inda ɓatacce yake. Ɗayarsu ce ta buɗe wa ruwa ƙofa ya haɗiye birnin da mutanensa. Shafin ƙarshe kaɗai ya rage, shi zai faɗi ko wace ce.

Hafsat kuwa ita ce sarauniyar hasashe a guruf ɗin, kuma ta san da haka, har kanta ya fara girma. Makon jiya ta yi saƙon murya tana ƙyalƙyala dariya:

"Ku bar wahal da kanku da Tamada, sarauniya ba ta nutsar da gadon mulkinta. Cindo zuciya gare ta, ba makirci ba. Ku dai tambayi kanku, ya anka yi tsohuwar ga ba ta taɓa kuskure ba? Wanda ya aje abu shi ya san inda yake. Ni da na tashi gidan ƙwarya za ku gaya wa? Ku rubuta ku aje, shafin ƙarshe ƙwaryar ga za ta juyo ta tsaya ga ƙafar wadda ta buɗe ƙofa."

Ranar an sha yi mata tafi. Gidan ƙwaryar da ta yi alfahari da shi kuwa gidansu ne. Mahaifiyarta Inna Ladidi bandar kifi ce sana'arta, amma in ruwa ya ci mutum aka rasa gawa, ita ake zuwa wa. Gado ne daga uwarta. Takan zuba jiƙaƙƙen rairayi a ƙwarya har ta nutse rabi don kada iska ta ja ta, a sake ta daidai inda mutum ya faɗa. Ruwan da ya ja gawa shi zai ja ƙwaryar, inda ta tsaya tana juyi nan ake nutso. Ba tsafi ba surkulle, ko goro ba ta taɓa karɓa ba.

Yau babu mai tafi a guruf. Jamilu ƙanin Ya'u ya tono saƙon muryar ya sake turawa, mutane suka yi ca.

"Ashe labarin nan ba ƙage ba ne."

"An rubuta jirgi ya kife, ga jirgi ya kife."

"Uwar Ƙwarya tana nan Tungar Ɗangana da ranta."

"Ai 'yar cikinta ma ta faɗa da bakinta."

Hafsat ta goge saƙon daga wayarta, ya tafi. Ta ɗago ta gan shi a wani guruf ɗin, da wani kuma. Magana zarar bunu ce, wannan kam ta riga ta fita daga jinka.

Ƙarar mashin ta ji a ƙofar gida. Zulai'atu ce, yayarta mai aikin kemis a Yelwa, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, ƙura har gira.

"Ina Inna?"

"Tana ɗaka. Yaya Zulai, wallahi wasa nika yi."

"Na san wasa kika yi. Waɗanda na wuce bakin kwata sun sani?"

"Mi sunka ce?"

"Ba su ce komi ba. Shi ya fi ba ni tsoro. Na gaishe su, ba wanda ya amsa."

Hafsat ta fashe da kuka, tana toshe baki da gefen hijabi don kada Inna ta ji.

"Ni mai rubuta abin ga nika son gani. Shi ya ja muna. Wa ya aike shi ya sa ƙwarya cikin labarinai? Duk duniya bai ga abin rubutawa ba sai aikin Inna? Har da farin mayahin da taka tahiya da shi. Har da yadda in ta dawo taka zauna cikin hayaƙi ta yi kuka, don a ce hayaƙi na ya sa ta hawaye..."



Ƙwarya kowa ya gani, mayafi kowa ya gani. Kukan cikin hayaƙi kuwa a bayan murhun nan ake yin sa, inda take tsugune yanzu, kuma mutum biyu ne kacal a duniya suka taɓa ganinsa, ita da yayarta. Ta karanta wurin a labari har ta yi ƙwalla, bai taɓa zo mata a rai ba sai yau da tsoro ya buɗe mata ido.

Ta ɗago a hankali ta dubi yayarta.

Zulai'atu ba ta kawar da kai ba. Ta sa hannu cikin jaka ta fito da wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, wadda Hafsat ba ta taɓa gani ba, ta ajiye a kan turmi.

"Ke ta?"

"Ni ta."

"Yaya Zulai, ke kika rubuta jirgi ya kihe?"

"Wace shekara ta taɓa wucewa tafkin ga bai ci jirgi ba? Abin da nika gani tun ina yarinya shi na rubuta."

"To Inna fa? Mi ta yi maki za ki maishe ta mayya gaban duniya?"

Zulai'atu ta zauna a ƙasa.

"Ni ban maishe ta mayya ba, Hafsat. Ke kina ƙarama, ba ki tuna. A makarantar allo ɗiyan mai gawa aka ce muna. In munka kai abincin sallah, a amsa da hannu biyu, mu juya a zuba ma kaji. Ranar da ruwa ya ci nasu kuwa su zo suna Inna, Inna. Na so in rubuta ta yadda ko sau guda za a gan ta da daraja. Uwar Ƙwarya ita za ta ceci birnin. Tamada ta buɗe ƙofa."

Wai Tamada. Duk kaifin hasashen Hafsat ashe gefe ta harba. Da a wata ranar ce da an yi musu har la'asar.

"To tura shi yanzu. Tura shafin ƙarshe kowa ya gani."

"Da sahiyar ga? Ana neman gawa, layin da ba a san mai shi ba ya farka ya wanke tsohuwa? Ko yaro ya san daga wane gida ya hito. Sai su ce uwa na yi, ɗiya na rubutawa."

"Ko hakanan, ai ya hi shiru."

"Akwai wani abu kuma."

"Mi?"

"Kin canki rabi daidai. Ƙwaryar tana dawowa."

Hafsat ta zuba mata ido.

"A labarin tana dawowa ga ƙafarta don matattu gida suka nema, ita kuma ita ta riƙe musu gidan. Ba ni na ƙirƙira ba, ga bakin Inna na ji. Ta ce zamanin Kaka an yi shekarar da ruwa ya cika ƙwarai, ya murɗe ya dawo gaɓa, ƙwarya ta biyo shi har kwata."

Ba su haɗa baki ba, amma tare suka juya suka leƙa ta saman danga. Bana ruwa ya cika irin cikar da tsofaffi ke ta magana a kai. Ya shanye gonar albasar liman, ya kai har gindin mangwaron kwata inda a da yara ke ƙwallo.

"Wace ta Uwar Ƙwarya wai? Tun sahe nika jin yara na hwaɗi bayan danga."

Inna Ladidi ce a ƙofar ɗaki, ƙwarya a hannu, tsohuwar ƙwarya mai ɗinkin kaba a baki. Ta ɗaura zanenta na shiga ruwa, farin mayafi a ninke ƙarƙashin hammata. Allah kaɗai ya san tun yaushe take tsaye.

Suka gaya mata. Hafsat na farawa kuka ya ci ƙarfinta, Zulai'atu ta ƙarasa, ba ta rage komai ba, har da ƙaramar wayar da ke kan turmi. Inna ba ta iya karatun waya ba, tana dai sauraro tana gyaɗa kai kamar ana ba ta labarin wani gari.

"Tsohuwar taku ta cikin waya, tana da haƙora?"

"Inna, ba wasa ba na."

"Tambaya niy yi. In kin ba ta haƙora to kin gyara ta, ba ni ba ta."

"Inna, mai mashin na nan waje bai tahi ba. Ki hau mu tahi Yelwa, in ƙura ta lahwa ki dawo."

"In tahi Yelwa, Hasiya na cikin ruwa?"

Kafin wata ta amsa aka yi sallama a ƙofar gida, murya a dishe.

Ya'u ne. Tun jiya yake nutso, idanunsa sun yi ja, fatar yatsunsa ta yi fari ta tattare. Bai shigo ba, ya tsuguna daga bakin ƙofa. Jamilu na tsaye bayansa da waya a hannu, bayan Jamilu kuma wasu samari ne da ba duka 'yan tungar ba.

"Inna Ladidi, ina kwana."

"Lahiya lau, Ya'u. Ya haƙuri?"

"Da godiya." Ya sunkuyar da kai ƙasa. "Ke kin nuna muna inda Baba yake shekarun baya, ban mance ba. Mutane na ta maganganu. Ni ban iya karatun waya ba. Abu guda na sani, matata na cikin ruwa, ɗiyarta na gida tana kukan nono. In kin san inda take, ba ni ita in ruhe ta."

Roƙo ne ko tuhuma, Hafsat ta kasa rabewa. Ina jin shi kansa Ya'un bai sani ba.

"Ban sani ba, Ya'u. Allah shi ya sani. Amma ruwa bai ɓoye hanyarsa, za mu bi ta mu gani."

"Ta sani mana," in ji Jamilu, bai ko rage murya ba. "Wanda ya aje abu shi ya san inda yake. Ba ni na ce ba."

Idonsa a kan Hafsat yake. Jamilun da makon jiya ya fi kowa tura mata tafi, har yana cewa a naɗa ta sarautar guruf.

"Jamilu, rufe man baki," in ji Ya'u, bai waiwaya ba. Ya miƙe. "Muna kwata, Inna."

Suna tafiya Zulai'atu ta tare ƙofa da jikinta.

"Inna, ki dubi abin ga da kyau. In kin gano ta, su ce ke kin aje ta. In ba ki gano ba, su ce kin hana. In ba ki je ba, su biyo ki gida."

"To kin ga zuwan ya hi, ko ba komi na rage musu tahiya."

"Ruwa ya cika, Inna. Ƙwarya za ta dawo."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun jiya da na ga inda sunka yi ta nutso na san wahalar banza suka yi. Tana gaɓar ga. Amma gaɓa na da tsawo, ban san wane lungu ba sai ƙwarya ta nuna."

Inna ta durƙusa gaban tulin rairayin da ke gindin randa ta fara zubawa a ƙwaryar da tafin hannu, tana yayyafa ruwa, tana dannawa. Zulai'atu ta durƙusa kusa da ita ta rage murya.

"To rage rairayin. Ki sa kaɗan, ta yi sama-sama, ta bi tsakiyar tafki ta ɓace. A ce yau ba a dace ba. Ba wanda zai gane."

Hannun Inna ya tsaya. Hafsat ta tashi ta ga Inna na faɗa a kan gishiri da itace, amma irin wannan kallon ba ta taɓa ganinsa ba.

"In yi ma gawa ƙarya?"

"Don ki tsira da ranki, Inna."

"Lokacin da ƙafata ta kumbura kina Yelwa, wagga tana makaranta, wa ya riƙe man banda? Hasiya ta, da tsohon ciki. Jinjirar ga za ta girma ta ce a nuna mata kabarin uwarta. A nuna mata tafki?"

Ta ci gaba da zuba rairayi har ya kai inda yake kaiwa kullum, ta ɗaga ƙwaryar ta auna nauyinta a hannu.

"Ke kin rubuta, ke kin hwaɗi. Kun yi naku. Ku matsa in yi nawa."

*

Bakin kwata ya cika maƙil. Har daga tungayen maƙwabta an zo, wasu don jaje, da yawa don su ga Uwar Ƙwarya da idonsu. Inna na tahowa hanya ta buɗe mata, buɗewar da ta wuce ta girmamawa. Mata na janye yaransu. Wayoyi sun tashi sama.

Bisa al'ada jirgi ake sa ta, a kai ta inda abin ya faru ta saki ƙwaryar da hannunta, a bi ta a baya. Yau masu jirage kowa ya sami abin dubawa. Wannan na kwance igiyar da ba ta ɗaure ba, wancan na kwarfe ruwan da babu. Mutanen da ta tsamo wa 'yan'uwa ne, ɗaya bayan ɗaya ta san su.

Inna ta bi su da kallo.

Ya'u ya tura nasa kwale-kwalen. "Shigo, Inna."

Jamilu ya riƙe bakin jirgin. "Yaya, ruwa ya ci muna ɗaya. Wallahi ba ka shiga da ita."

Aka fara guna-guni, wasu na cewa gaskiya ne. Inna ta miƙa wa Ya'u ƙwaryar da hannu biyu.

"Bar shi, tsoro na, ba laihinai ba. Kai ta kai kaɗai. Daidai kututturen za ka aje ta, a hankali, kak ka tura. Ka yi bisimilla ka ɗauke hannunka. Ka biyo ta nesa-nesa, kak filafilinka ya dame mata ruwa."

Ya'u ya tuƙa ya tafi. Inna ta taka cikin ruwa har ƙauri, daidai inda take wanke kifi kowace safiya, ta tsaya tana kare ido da hannu. Hafsat da Zulai'atu suka tsaya a bayanta, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Daga nesa suka ga ya sunkuya, ya ɗago. Ƙwaryar ta zauna a ruwa, bakinta kawai ake gani.

Da farko ba ta motsa ba. Can ta fara tafiya, ta nufi tsakiyar tafki.

Hafsat ta ji numfashinta ya dawo. A zuci take roƙo, ya Allah ta tafi, ya Allah ta yi ta tafiya har Neja. Ta san addu'ar ba ta da kyau, ta san Hasiya ce ke yi mata kitso, amma ta kasa dainawa.

Ƙwaryar ta yi nisa har ta zama ɗigo. Sai ta rage gudu. Ta karkata.

"Ta juyo," in ji wata mata, a hankali.

 Ƙwaryar ta yi kwana mai faɗi ta kama hanyar gaɓa, tana tahowa ba gaggawa, Ya'u na biye da ita daga nesa. Ta wuce saitin gonar albasa. Hafsat ta ce a ranta to ta tsaya nan. Ba ta tsaya ba. Ta wuce lungun da ake jiƙa taru, nan ma ba ta tsaya ba.

Mutanen da ke bakin ruwa suka fara ja da baya, har wani ya taka wani. Wurin ya yi fili, ya rage mata uku.

Hafsat ta kama zanen Inna.

"Inna, mu matsa. Don Allah ki hito, ki koma gindin mangwaro. In ba ki nan ba ta iske kowa."

"In na matsa wa zai ga inda ta yi juyi?"

"Inna, don darajar Annabi."

"Sake man zane, Hafsatu."

Ƙwaryar ta shigo tsakanin jiragen da ke ɗaure a kwata, ta goga jikin ɗaya, ta fito. Ta yi juyi. Ta sake yin juyi a wuri ɗaya. Sannan ruwa ya turo ta a hankali ta zo ta daki ƙaurin Inna Ladidi, ta tsaya.

Wata ta ja salati daga baya. 

Zulai'atu ta matso da bakinta kunnen Inna.

"Ki ce iska ta. Ki ce iska ta kawo ta, a sake. Inna, kalma guda."

Inna ta ɗaga kai ta dubi ganyen mangwaro. Ko ɗaya ba ya motsi. Ta dubi 'ya'yanta, ta daɗe tana dubansu, Hafsat ta ga tsoro ƙarara a idonta, ashe ita ma tana ji. Sannan ta juya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ya'u. Nan ƙarƙashin jiragen ga, inda ta yi juyi. Akwai saiwar tsohuwar ɗorawa daga ƙasa. Bi ta hannun dama."

Ya'u ya ajiye filafili ya faɗa ruwa.

Ruwan ya rufe. Kumfa ta taso ta mutu. Hafsat ta rasa abin da za ta roƙa, ya samu ko kada ya samu, duk biyun wuta ne. Jirage na ta gogar juna suna ƙara, ban da wannan ba ka jin komai a kwatar da ta ɗauki mutanen tunga uku.

Ya ɗago ya shaƙi iska, bai dubi kowa ba, ya koma.

Da ya sake ɗagowa ba shi kaɗai ba ne.

Atamfar da ta ɗaura ta zuwa kasuwa ce aka fara gani, shuɗiya mai ganye. Ya rungumo ta a ƙirji yana tahowa, ruwa na sauka daga wuyansa zuwa ƙugu. Kitson da ke kanta ko warwarewa bai yi ba. Daga inda aka tsamo ta zuwa inda Inna ke wanke kifi, bai kai nisan jifa ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna. Mutane ƙalilan ne suka amsa.

Sai wata dariya ta tashi a tsakiyar taron, dariyar yarinya mai jin daɗi. Hafsat ta waiga tana neman mara hankalin da ke dariya a gaban gawa, kafin ta gane muryarta ce ita kanta. Jamilu ya ɗaga wayarsa sama, ya ƙure ƙara, hawaye na zuba a fuskarsa.

"...Ku rubuta ku aje, shafin ƙarshe ƙwaryar ga za ta juyo ta tsaya ga ƙafar wadda ta buɗe ƙofa."

Saƙon ya ƙare, ya sake kunna shi.

Taron da ya ja baya ɗazu ya fara matsowa. Ba gudu, ba ihu, taku ne kawai a kan tsakuwa. Hafsat ta ga wani saurayi da ba ta sani ba ya sunkuya ƙasa. Zulai'atu ta zaro ƙaramar wayar ta ɗaga tana cewa ku saurara, ni ce, ni na rubuta, amma muryar Hafsat da ke cikin waya ta fi tata ƙarfi.

Inna ba ta waiwaya ba. Ta zaro farin mayafin daga hammata ta warware shi, kamar yadda ta yi wa uban Ya'u, kamar yadda ta yi wa kowa. Ta taka cikin ruwa ta miƙa masa.

"Ruhe ta, Ya'u. Maza na kallo."

Ya'u ya tsaya da matarsa a hannu. Ya dubi mayafin. Ya dubi ƙwaryar da ke lilo a gefen ƙafarta. Bai miƙa hannu ba, bai kuma ja da baya ba.

Dutsen farko ƙwaryar ya samu, ta dare biyu, rairayin ya watse cikin ruwa.

Na biyu Hafsat ba ta ga inda ya fito ba. Ta dai ga kan Inna ya yi baya, ta ga ja ya ɗiga a kan farin mayafin.

Inna ba ta sauke hannu ba.

"Amshi mana, ɗana," ta ce. "Hannuna ya fara gajiya."